Baba Mai Ƙugiya da Keken Mamaci

Kullum da safe, kafin Baba mai gyaran keke ya taɓa sifana, sai ya bi tsofaffin kekunan da ke rataye a rumfarsa yana gaishe su ɗaya bayan ɗaya, kamar mai zaga dangi. Da can maƙwabta dariya suke yi. Yanzu sun bari.

Abin da ya yi suna a kai ƙarami ne: 'yar ƙugiya da yake ɗaurawa a ƙarfen bayan keke. In za a cire tayar baya, sai a ɗaga sarƙa a rataye ta a nan, tayar ta fito salin-alin, ba cukurkuɗewa, ba baƙin mai a hannu. A jikin kekunan dā ya gan ta, da aka daina yi sai ya ci gaba da ƙera tasa.

Bara wani mutum ya turo keken yayansa, mai kai burodi shaguna, wanda ajali ya riska a kan sirdi. Marayu sun dawo wuyansa, ba shi da abin neman abinci sai keken nan, ga tayar baya ta lanƙwashe.

"Baba, kowa ya ƙi taɓa shi," in ji mutumin. "Da an kai hannu sai feda ta juya da kanta, sarƙa ta cafke yatsa."

Baba ya ɗora bayan keken a kan kututture. Rana tsaka ce, amma rumfar ta ɗauki sanyi. Sai sarƙa ta fara tafiya a hankali, ƙis, ƙis, ƙis. Telan da ke kusa, wanda ya leƙo, har yau yana rantsuwa ya ga sirdin ya lotsa.

Gaban Baba ya faɗi, har ya ja da baya. Amma da ya dubi fuskar mutumin, sai ya tsugunna ya ɗaura ƙugiyarsa. Ya dubi sirdin, ya sassauta murya.

"Bawan Allah, ka iso. Sauka ka huta, ƙaninka zai karɓe ka."

Ya kama sarƙar da hannu tsirara, ya rataye. Ta tsaya cak. Ƙararrawa ta yi ƙara sau ɗaya, alhali ba kowa kusa da ita. Kafin yamma keken ya hau titi, kuma har yanzu shi ke ciyar da gidan.

Yau idanunka sun gaji, Baba, kana shirin rufe rumfa. Kai ne ba ka taɓa ce wa tsohon ƙarfe ya mutu ba. Kai ne ka ji tsoro kamar kowa, amma ka kai hannu. Mun gode, Allah Ya saka da alheri.

Ku kuma masu sana'ar hannu, in an kawo muku aikin da kowa ya gudu, ku fara duban wanda ya kawo shi kafin ku ce a'a.