Kande da Riɗin Barewa

A Turba duka babu wadda ta kai Kande matar Yero sanin ganye. Shekara talatin, duk wadda ta tsinko abin da ba ta gane ba, ƙofar Kande take nufa. Ita kuwa tana son wannan girma fiye da yadda take son goro, kuma kowa ya san ta da goro.

Shekarar da ruwa ya ɗauke gero yana iya gwiwa, mutane suka koma cin tafasa da tuwon dusa. A lokacin ne yunwa ta koro Saude daga Nijar, wata 'yar firit mai ƙaramar murya. Ba ta yi sati ba ta gano wani tsiro a tudun bayan gari, furensa ja-ja, dogo kamar bakin buta, da ɗigo-ɗigo a ciki.

"Riɗin barewa na," in ji Saude. "Ku duba cikin huren, ku murza ganyen. Miya shika yi awa karkashi."

Mata suka yi mata caa. Kwana uku ba wadda ta leƙo gidan Kande. Kishi ya ci ta har ta rame, ga yunwa ga wannan. Ta tsinko ganyen a ɓoye ta murza a ruwa, yauƙi ya biyo yatsunta. Ta tabbata baƙuwar ta yi gaskiya, abin da ya ƙara ƙona ta ke nan.

Da maza suka zo tambayarta game da tsiron, ko ido ba ta ƙifta ba.

"Ɗan'uwan ƙuduji na, guba na. In kun bari ya zub da iri, baɗi ba mai ganin gero."

Manomi kuwa ya tsani ƙuduji, ciyawar da ke shanye hatsi tun daga saiwa, maganinta a tumɓuke a ƙone. Kafin la'asar tudun ya zama toka. Mata suka dawo ƙofar Kande, ta ji daɗi, ba ta ɓoye ba.

Bayan wata guda Yero ya kwanta ciwo. Maƙogwaronsa ya ƙi tuwon dusa, yana ta roƙon miya mai santsi. Kande ta zagaye daji, karkashi duk an tsince. Ta ƙare a tudun nan, a durƙushe tana tonon toka.

Nan Saude ta same ta. Ta kwance bakin zanenta, ta miƙa mata ƙullin busasshen ganye.

"Yaya Kande, ga shi. Za ni gida gobe, shi kaɗai ya rage min. Kin san yadda aka dahwa shi, na gan ki ranar da kinka murza."

Yero ya ci, ya tashi. Kande ta ƙara shekara ashirin ana kawo mata ganye tana faɗin sunansa. Kowace damina takan hau tudun ita kaɗai, amma furen bai sake fitowa ba.