Sai Ayarin Bilma Ya Iso

Ina aji uku a kwalej aka zo da maganar gasar kacici-kacici. Malamin da ke koya mana tarihi da labarin ƙasa, wanda muke ce wa Mushe, wani siririn mutum mai gilashi ɗaure da zare, shi ya shigo aji ya ce makarantun Gaya da na garuruwan kewaye za su kara a kan sanin ƙasar Nijar, kuma waɗanda suka ci za a kai su Dosso su kwana biyu. Ina jin Dosso kunnuwana suka miƙe. Kada ku yi mini dariya. A lokacin na ƙetare gada zuwa Malanbil ta Benin ya fi a ƙirga, na je kasuwar Kamba a bayan babur, wato na taka ƙasashen waje har biyu, amma ban taɓa ganin babban birnin jiharmu ba. Haka yawancinmu ƴaƴan Gaya muke. Ka tambaye mu canjin naira, mu faɗa maka ido rufe. Ka tambaye mu ina Difa take, mu nuna maka duk inda hannu ya ga dama.

Mu huɗu aka zaɓa, aka ba ni shugabanci, don bakina ya fi na kowa sauri. Mushe ya ce, “Littafi ɗaya gare mu, shi ma rabinsa ya zube. Ku fita ku tambayi mutane. Duk wanda ya girme ku ya san wani abu game da ƙasar nan.”

Na sayi sabon kaye da bik, wato littafin rubutu da biro, na nufi tashar manyan motoci, inda direbobi ke kwance a inuwar motocinsu suna jiran takardun duwan, wato kwastan. Su kam da ciki suke auna ƙasa: garin da albasa ta fi kyau, garin da ake kilishi na kirki, garin da ruwansa ke ɓata wa baƙo ciki. A cikinsu na samu wani dattijo da ya yi shekaru yana hanyar Agadas. Shi ya ba ni labarin Bilma, da kantun gishiri, da ayarin raƙuma da ke ratsa Tenere. Ya ƙara mini da Tigidda. Wallahi labarin ya shiga raina. A ganina a lokacin, abu ba ya zama ilimi sai yana da nisa, don haka duk abin da ya fi nisa shi na fi ja wa layi a ƙasa.

A gida kuwa ina wajen kakata ta wajen uba, wadda ta raine ni tun ina rarrafe. Maigida take ce mini, kamar yadda kakanni ke tsokanar jikokinsu maza. Ƴar kwarin Foga ce, can wajen Tunuga, kuma gishirin garinsu take sayarwa a kasuwar Gaya. Danginta ne ke kawo mata shi a amalanke, dogaye-dogaye, naɗe cikin kaba, a jibge a kusurwar rumfarmu. Ni ke kai mata shi kasuwa a kaina, ina ƙunƙuni, ina kauce wa hanyar da ƴan ajinmu ke bi.

Wata rana da la'asar ina kai da kawowa a tsakar gida, kaye a hannu, ina hadda da ƙarfi don maƙwabta su ji. Kaka tana tsintar shinkafa, ta ɗago kai.

“Maigida, wai me kake ta zubawa haka tun ɗazu?”

“Wuraren da ake samun gishiri ne, Kaka.”

Sai ta ture faifan gefe, fuskarta ta washe. “Gishiri? Ashe yau abin ya zo gida! Zo ka zauna in ba ka shi tun daga kankarar ƙasa har dafuwa. Kawo kayen naka.”

Na ce, “Haba Kaka, wannan fa ilimi ne, ba hirar kasuwa ba. Da Faransanci za a yi tambayar.”

Ta jawo faifanta. “To, Allah ya ba da sa'a, mushe ƙarami.” Na ga yadda fuskarta ta sauka, na gani sarai, na ci gaba da zagayena. Har yau in na tuna sai kunya ta kama ni.

Ranar gasa aka kafa rumfa a filin makaranta, aka jera benci, aka ɗauko lasifika mai shaƙewa. Kaka ta tashi daga kasuwa tun hantsi, ta ɗaura zanenta na zuwa biki, ta zauna a layin gaba da goronta. Alƙalin gasa yakan yi tambaya da Faransanci, sannan ya maimaita da Hausa saboda iyaye. Muka yi ta zubar da makarantu. Jihohi nawa ne, na faɗa. Dutsen da ya fi tsawo, na faɗa tun bai rufe baki ba. A ƙarshe ya rage daga mu sai ƴan Tunuga, waɗanda tun safe muke toshe hanci muna cewa ƙarnin kifi ya iso. Muka yi kunnen doki, aka ce tambaya ɗaya ta rage, kuma shugaba kaɗai zai amsa. Mu aka fara tambaya.

Alƙali ya ce, “Faɗi wurare uku da ake samun gishiri a ƙasar Nijar.”

Kai! Na ji kamar har na zauna a motar Dosso, kusa da taga. Na ce, “Bilma!” Aka tafa. Na ce, “Tigidda!” Aka tafa. Na buɗe baki in faɗi na uku, sai na tarar babu komai a ciki. Na bi kayena shafi-shafi a zuci, na je arewa, na je gabas, na dawo hannu wofi. Alƙali yana buga tebur da bik yana ƙirga lokaci. Na dubi Kaka. Ta gyara zama, ta gyara kallabi, ta ma cire goron daga bakinta, ta shirya guɗa. Ni kuwa abin da ya faɗo mini shi ne buhunan farin gishiri da nake gani kullum ana ƙetarowa da su ta gada.

Na ce, “Kwatano!”

Filin ya ɗauki dariya gaba ɗaya, har da mai sayar da ƙanƙara a bakin ƙofa. Mushe ya cire gilashinsa ya rufe fuska da tafin hannu. Alƙali ya ce a iya saninsa Kwatano tana Benin har yau da safe, sannan ya juya wajen ƴan Tunuga. Wata ƴar ƙaramar yarinya ta miƙe, ta ce, “Foga,” a hankali, kamar an tambaye ta sunan unguwarsu. Guɗar da Kaka ta tanadar mini ba ta mayar da ita gida ba. Ta rangaɗa ta ga ƴan Tunuga, har sau uku.

Da yamma aka zuba tuwo. Nawa aka miƙo mini a kwano dabam, na zauna can kusurwar rumfa don kada in haɗa ido da kowa. Loma ɗaya na kai na tsaya.

“Kaka, miyar nan babu gishiri.”

“Ayya, maigida, ka yi haƙuri,” in ji ta, ko kallona ba ta yi ba. “Ayarin Bilma bai iso ba. Motar Kwatano kuma an riƙe ta a duwan.”

Mutanen gida suka kwashe da dariya. Na jingina baya don in ɓoye hawayen da suka taho, sai na ji kaba tana sukar ƙeyata. Ashe jikin tarin gishirinta na jingina. Dosso ta wuce ni, wannan ya yi mini ciwo, amma ba shi ne ya fi damuna ba.

Na ajiye kwanon, na shiga ɗaki na ɗauko kaye da bik, na zo na durƙusa gabanta, na buɗe sabon shafi. Ta bar ni a durƙushe har ta gama cin tuwonta, ta wanke hannu, ta goge. Sannan ta miƙa hannu ta ɓalli ɗan gishiri ta sa mini a tafi.

“Fara lasa tukuna,” in ji ta. Na lasa. “To, rubuta. Ka fara da sunan uwata, ita ta koya mini.”

Shafi bakwai muka cika, tuwona ya huce a gefe. Kaka ta rasu shekaru da yawa yanzu, kayen kuwa yana nan cikin akwatina. Na bincika a dangi kaf, babu wata takarda da ke ɗauke da sunan uwar tata sai shi.