Munduwar da Ba Ta Kwana a Toka Ba

A gidanmu na Ɗanzomo, idan sanyi ya shigo, bayan isha'i mukan taru a ɗakin kakarmu Iya Tasalla. Takan hura wutar kara a kasko, hayaƙi ya cika mana ido, amma ba mai motsawa. Ni ta fi tsokana. Maigida take ce mini, wai mijin da bai taɓa kawo mata ko goro ba.

"To ga ta nan tafe, wanda ya yi gyangyaɗi kada ya tambaye ni gobe."

Akwai tatsuniya ɗaya da ba na so, amma ita nake roƙo. Ta Tanko ce, mai narka kwalba. Wai yakan bi kasuwar Maigatari yana tsintar fasassun kwalabe, ya narka su a wuta, ya murɗa munduwa. Yana murɗawa yana rera waƙar da ya tsara da kansa, sai waƙar ta shige cikin gilashin. Duk macen da ta kara munduwar a kunne za ta ji muryarsa. Sharaɗin ɗaya ne: sabuwar munduwa sai ta kwana a cikin toka mai ɗumi, ta huce a hankali. In aka ciro ta da wuri, iska na taɓa ta za ta tsage, waƙar ta gudu.

Hayaƙin shekaru ya cinye maƙogwaron Tanko. Da ya ga muryar ta kusa ƙarewa, sai ya hura wuta don 'yarsa Ladi, ita kaɗai gare shi. Ya kore ta waje, ya zuba duk abin da bai taɓa gaya mata ba a waƙa ɗaya, ya binne munduwar a toka. Ya ce mata, "Sai da safe."

A nan Iya kan rage murya. "Yarinya tana kwance tana jin tarin ubanta ta bango. Ta juya, ta juya. Can dai ta tashi ta tona tokar."

Rabin baiti ta ji, munduwar ta ce ƙas a hannunta. Da gari ya waye Tanko yana nan da ransa, amma bai sake magana ba.

Nakan fusata. "Iya, ai Ladi sakarya ce. Kwana ɗaya fa."

"Kai da ba ka iya jiran tuwo ya huce, Maigida?"

"To me sauran waƙar ta ce?"

"Wa ya ji, balle ya gaya mini?"

Na girma ina ɗauka darasin haƙuri ne kawai, ina kuma jin haushin Ladi. Iya ta rasu da daɗewa. Yanzu Baba ne a kwance a gidana a Gumel, ɓarin jikinsa ya shanye, harshensa ya yi nauyi. A asibiti sun ce maganar tana iya dawowa a hankali, kada a matsa masa. Tun da aka sallamo shi abu ɗaya yake farawa. Ya kama hannuna ya ce, "Ka gaya wa..." sai ya tsaya.

Sai yanzu na fahimci yarinyar nan. Ba rashin haƙuri ya tashe ta ba, tsoro ne. Ba ta da tabbacin uban zai kai safiya, kamar yadda ni ma ba ni da shi. Wallahi tsoro nake ji, kada ya tafi da maganar nan a bakinsa.

Shekaranjiya ya sake farawa, na kasa daurewa. Na shiga jero masa sunaye. "Inna? Yaya Sabo? Baffa na Gagarawa?" Ya daɗe yana kallona, sannan ya saki hannuna ya juya fuska bango.

Jiya na zauna a gefensa tun daga la'asar har aka kira magariba, ban ce uffan ba. Shi ma bai fara ba.