Inda Ban Ƙarasa da Kawu Ba a Riruwai

Daga gida zuwa Kano

Ƙarfe shida saura ashirin na asuba, ranar wata Asabar bayan an gama cire gyaɗa, muka bar ƙauyenmu da ke gabas da Ɗanbatta. Mu uku ne a motar: ni, da Sabo direba wanda na ɗauki shatar motarsa ta yini guda, da Kawu Sale, yayan mahaifiyata, wanda ya riƙe ni tun ina ɗan shekara huɗu bayan rasuwar mahaifina.

Tafiyar ta Kawu ce. Yana matashi ya yi shekara uku yana aikin haƙar kuza a Riruwai, can ƙarshen kudancin Kano, kuma tun muna yara yake ba mu labarin duwatsun wurin da gwaggon birin da ke sace musu ƙunshin abinci. Mu da muka tashi a inda gona ke jingine da gona, ba mu san wata dabbar daji ba sai kurege da bushiya, don haka muka ɗauka yana ƙara gishiri. Shekara shida ina yi masa alkawarin zan kai shi. Sai da na ga yanar ido ta fara rufe masa gani, ƙafa kuma ta yi nauyi, sannan na motsa. Wani abokina ya haɗa ni da Malam Iliya, tsohon ma'aikacin gandun daji da ke Tudun Wada, wanda yake yi wa baƙi jagora idan sun biya shi ladansa. Sharaɗi ɗaya ya kafa mini a waya: mu iso wurinsa ƙarfe tara, domin in rana ta take dabbobi kan shige kurmi.

Kawu ya sa farar rigarsa ta Juma'a. Na ce, "Kawu, daji fa za mu shiga."

Ya ce, "Na sani."

Mun hau titi a Ɗanbatta ƙarfe shida, gari na wayewa, masu shayi suna hura wuta. Kimanin kilomita sittin ne zuwa Kano, kuma hanya babu cunkoso. Bakwai saura minti goma muna cikin birni.

Kano

A nan na yi kuskuren farko. Sana'ata sayar da dabbobi ce, washegari kuma Lahadi, kasuwar Ɗanbatta, ina da bijimai huɗu da zan shigar. Muna shiga gari wani Alhaji mahauci da nake hulɗa da shi ya kira ni, ya ce in yana da rabo a bijiman to mu gana yanzu a rumfarsa. Na ce wa Sabo ya karya kan mota, minti goma kawai.

Alhajin bai iso ba sai takwas saura kwata. Da ya iso kuma sai gaisuwa, sai shayi, sai wani ya shigo da tasa maganar. Ina leƙowa ina hango Kawu a kujerar gaba, hannuwansa bisa sandarsa, bai ko jingina ba. Sabo ya sayo masa koko da ƙosai, ya sha kokon ya bar ƙosan. Malam Iliya ya kira sau biyu, na ce muna hanya.

Tara da minti goma muka bar Kano. Na ce, "Kawu, ka yi haƙuri, sha'anin kasuwa ne."

Ya ce, "Ai da shi ake ci. Allah ya sa albarka."

Kwanar Ɗangora da Tudun Wada

Goma da minti ashirin muka kai Kwanar Ɗangora, muka bar titin Zariya muka yi hagu. Na sayi rake sanda biyu a naira ɗari huɗu, da dafaffiyar masara. Daga nan ƙasa ta fara sauya kama: gero ya ragu, masara da shinkafa suka yawaita, ƙasar ta yi ja. Kawu ya sa aka sauke gilashi, ya ce ƙanshin ƙasar kudu ya fara zuwa masa.

Sha ɗaya da kwata muka tarar da Malam Iliya a bakin tasha. Siriri ne, mai furfura a gemu, da takalmin roba da gorar ruwa a rataye. Ya durƙusa ya gaida Kawu, sannan ya dubi rana, ya dube ni.

"Alhaji, da safe na leƙa bakin rafi da babur. Na ga gada biyu da garken birai. Yanzu kam sai abin da Allah ya nuna mana."

Na buɗe masa ƙofa. Ya shiga baya kusa da ni muka kama hanya.

Dajin Falgore

A bakin daji akwai shingen sojoji. Suka duba bayan mota, suka tambayi inda za mu. Da suka ga Malam Iliya suka gaisa da shi da suna. Ɗayansu ya leƙo ya ce, "Baba, a dawo lafiya. Amma ku tabbata kun fito kafin rana ta faɗi."

Ban taɓa ganin itatuwa haka ba. Maje, kawo, ɗorawa, doka, ga ciyawa ta fi tsayin mutum, babu kunya ko ɗaya ta gona. Sha biyu da minti biyar Malam Iliya ya sa aka tsaya, muka taka kamar tsawon filin ƙwallo zuwa wani rafi, ina riƙe da hannun Kawu. Rana ta take, wurin ya yi tsit. A laka ya nuna mana sawun gada, da inda mugun dawa ya tona saiwa, da kashin biri wanda bai gama bushewa ba. Abin da muka gani da ido shi ne zabin daji guda bakwai da suka tsallaka a guje, da wani burtu yana takawa can nesa.

Kawu ya tsuguna da ƙyar ya shafa sawun gadar da yatsa. Wani tsuntsu ya yi kuka a sama, ya ce, "Cilakowa ce."

Malam Iliya ya yi murmushi. "Baba ya san daji."

Suka shiga hira, wannan ya ambaci rafi, wancan ya faɗi sunansa na da. Ni kuma wayata ta sami layi a kan wani tudu, na koma gefe ina magana da ƙanena a kan abincin bijimai da motar da za ta ɗauke su. Na fi minti ashirin. Da na dawo na tarar Malam Iliya na kallon ƙasa.

Riruwai

Bayan mun fita daga dajin muka ratse daga babban titi, hanya ta fara hawa tana lanƙwasa. Duwatsu suka taso ta kowane gefe, baƙaƙe, kore ya lulluɓe gindinsu, ruwa na gangarowa ta wasu tsagogi yana ƙyalli. Sabo da bai cika magana ba ya rage gudu ya ce, "Ashe wannan ma Kano ce."

Kawu yana ganin duhunsu kawai, amma yana nuna su ɗaya bayan ɗaya, yana faɗin wanda suke hawa su sari gora, da wanda hadari ke fara tarewa a kansa.

Biyu saura kwata muka isa. Muka yi azahar, muka ci shinkafa da wake a wata rumfa, naira ɗari takwas kowane kwano. Malam Iliya ya kai mu wani tudu da ake hango tsofaffin ramukan kuza, wasu sun cika da ruwa sun zama tafki. Na ɗauki hotuna, na ɗauki Kawu tsaye da sandarsa. A raina tafiya ta biya.

Sai Kawu ya juya ya fuskanci wani dogon dutse da ke yamma da mu. Ya ce, "Akwai wani wuri a bayan wancan, kusa da inda bukkokinmu suke a da. Ina so in taka can."

Malam Iliya ya ce ya san wurin. Mota ba ta zuwa, babur ma rabin hanya yake kaiwa saboda rafi da duwatsu. Da tafiyar Kawu, zuwa da dawowa sai an ci awa biyu. Lokacin uku saura ashirin. Sabo ya ce shi dai ba zai ratsa daji da duhu ba, kuma gaskiyarsa ce.

Malam Iliya ya dube ni ya ce, "Alhaji, ƙanena yana da gida a nan. Ku kwana. Da sassafe in kai Baba, kafin azahar kun kama hanya."

Sabo ya ce shi ba shi da matsala.

Ban ce a'a ba. Da na ce a'a ma da ya fi. Sai na ciro waya na duba, na ce, "Gobe dai Lahadi ce..." ban ƙarasa ba.

Kawu ya ce, "Mu tafi gida. Ba wani abu ba ne, tsohon wuri ne kawai."

"Baba," in ji Malam Iliya.

"Mu tafi, Malam. Yaron nan yana da kasuwa."

Na ji sanyi a raina, kuma ba zan ɓoye wannan ba. Kafin mu shiga mota Kawu ya ce a ba shi minti biyar. Ya matsa gaba shi kaɗai, ya fuskanci dutsen, ya ɗaga hannu ya daɗe yana addu'a. Na ɗauka godiya yake yi wa Allah da ya sake nuna masa wurin. Uku da minti goma muka juyo.

Komowa

Mun yi la'asar a wani masallacin bakin hanya. Biyar saura kwata, a tsakiyar daji, Sabo ya taka birki. Gwaggon biri ne, sun fi ashirin, suna tsallaka titi ba tare da gaggawa ba, 'ya'ya a maƙale a bayan uwayensu. Wani ƙato ya zauna a tsakiyar kwalta yana kallonmu kamar mu ne muka shigo masa gida. Ya yi wata tsawa mai kama da haushin kare. Kawu ya yi dariya har da tari.

"Ka ji shi ko, Habu? Kun ce ƙarya nake."

Wannan ne kaɗai lokacin da na ji dariyarsa a ranar.

Shida da 'yan mintuna muka sauka a Tudun Wada muka yi magariba. Kawu ya riga mu komawa mota. Na sallami Malam Iliya, na yi masa godiya. Ya karɓa, amma bai tafi ba. Ya ja ni gefen masallaci.

"Alhaji, Baba bai ce in faɗa ba, bai kuma ce kada in faɗa ba. Bayan dutsen nan tsohuwar maƙabartar lebura ce. Ɗansa na fari yana can. Yana ɗan shekara biyu ƙyanda ta ɗauke shi. Shi ya sa suka bar garin shi da matarsa. A bakin rafi ya gaya mini, lokacin da kake waya."

Na tsaya ina kallonsa. Shekara arba'in ina gidan Kawu, 'ya'yansa mata uku na sani. Matarsa, wadda ta yi mini wanka ta goya ni, ta rasu ba ta taɓa ɗaga maganar ba.

Na je na buɗe ƙofar mota na tsuguna. Na ce, "Kawu, me ya sa ba ka gaya mini ba?"

Ya ce, "Ɗan fari ne, Habu. Yaya zan buɗe baki in faɗa maka?"

"Mu kwana a nan. Da asuba mu koma."

"A'a. Na yi masa addu'a, kuma ta isa inda za ta. Tada mota, Sabo."

Na roƙe shi sau uku. Bai yarda ba. Daga Tudun Wada har Kano ba mu tsaya ba, sai a shingen Kwanar Ɗangora da aka haska mu aka ce mu wuce. Mun yi isha'i a Kano, muka isa gida goma da rabi. Na riƙe hannunsa har ƙofar ɗakinsa, ya ce Allah ya yi mini albarka.

Gida

Da asuba, bayan an idar da salla, dattawa suka kewaye shi a ƙofar masallaci suna yi masa barka da dawowa. Ya ba su labarin duwatsu, da tafkunan kuza, da ƙaton birin da ya tare mana hanya. Liman ya ce, "To Malam Sale, buri ya cika ke nan?"

Ya ce, "Ya cika. Babu inda na ce yaron nan ya kai ni da bai kai ni ba."

Suka juyo suna sa mini albarka, ni kuwa na rasa inda zan sa idona. Na tafi kasuwa. Kafin azahar bijiman sun sayu, kuma ƙanena ne ya yi cinikin uku daga ciki, ina tsaye kawai.

Na sa rana za mu koma bayan an shigar da dawa. Kafin ranar ta zo Kawu ya faɗi a banɗaki, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Yana nan da ransa, yana gane kowa, amma ko zuwa asibitin Ɗanbatta sai mutum biyu sun tallafe shi.

Ina gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Ina gode wa Sabo da bai yi ƙorafin jiran Kano ba, da Malam Iliya da ya gaya mini abin da ba na son ji. Daga baya na kira shi na roƙe shi ya je bayan dutsen a madadinmu. Ya je. Ya ce ciyawa ta rufe wurin, ba a gane kabari ɗaya daga wani, amma ya tsaya a tsakiya ya yi wa duka addu'a. Da na gaya wa Kawu, sai ya kama hannuna da hannunsa mai lafiya, ya matsa kusa da kunnena, ya faɗa mini sunan yaron.