Farcen Nong Sebio

Shekara talatin da ɗaya Nong Sebio ya yi a tebur guda, a ƙuryar wata ƙaramar masana'antar kayan bindiga a bayan garin Danao na ƙasar Filifin. Bai taɓa harbi ba. Aikinsa dubawa ne.

Akwai wani ƙarfe da ke kai da komo a cikin bindigar soja. A doronsa ake ɗaure ɗan bututun da hayaƙin harbi ke bi, da noti biyu. In an ɗaure, sai inji ya danne gefen ƙarfen har ya ciji kan notin, don kada zafi da girgiza su kwance shi. Idan cizon bai kama ba, wata rana bindigar za ta yi shiru a hannun mai ita.

Wasu da gilashi suke dubawa. Shi kuwa da farcen babban yatsa. In farcen ya sami hanya tsakanin cizo da noti, ƙarfen ya faɗa kwandon baya, na waɗanda aka ƙi.

Mai danna injin shi ne Tasyo, abokinsa tun suna samari. Suna da wata al'ada: sau ɗaya a wata Tasyo kan cusa ƙarfe mai sakakken cizo cikin sauran, da ɗigon jan fenti a inda ido ba ya kaiwa. In Sebio ya kama, Tasyo ya sayi kofi da wainar puto. Kullum Tasyo ke saye, yana mitar cewa tsohon nan zai cinye shi da rai.

Ciwon sukari ya fara wa Sebio daga ƙafa, ya hauro a hankali. Da yatsun hannunsa suka soma dindiris bai gaya wa kowa ba, ko 'yarsa Perla. Ya ce wa ransa gajiya ce.

Wata Laraba da hantsi Tasyo ya dire masa kofi da puto.

"Ka sake kayar da ni, pare, abokina. Ci abinka."

Sebio ya leƙa kwandon baya. Tun safe bai jefa komai ba. Ya dubi aljihun Tasyo, ya ga ya rinjaya gefe guda.

"Fito da shi."

"Da me?"

"Aljihunka ya fi ka gaskiya, tsohon banza."

Tasyo ya ajiye ƙarfen a tebur. Daga akwatin waɗanda Sebio ya sa wa hannu ya zaro shi. Ya rage murya ya ce shi zai riƙa bi yana sake dubawa, shekara ɗaya ta rage wa Sebio ya yi ritaya, ba mai ji. Sebio ya tambaye shi karo na nawa ke nan. Tasyo ya ce na biyu.

Sebio ya cinye wainar tas, don kada abokinsa ya ji kunya. Sannan ya tashi ya nufi ofis, ya roƙi a buɗe duk akwatin da ya sa wa hannu tun watan Maris. Kwana uku ana dubawa. Aka sami huɗu marasa cizo, ba ɗigon fenti a jikin ko ɗaya. Akwati guda kuma ya riga ya hau jirgin ruwa zuwa Mindanao, can kudu inda sojoji ke yaƙi. An aika takarda, amma har ya ajiye aikin amsa ba ta zo ba.

Yanzu yana zaune a gidan Perla, kusa da bakin teku. Ba ya damun kowa. Sai dai in rediyo ya fara labarin sojoji a kudu, yakan ɗaga hannu jikoki su yi shiru, ba ya sauke shi sai an gama karanta sunayen waɗanda aka kashe.