Jakar da Ladan Ya Rataya

A unguwar Karantina ta birnin Jidda aka haife ni, kuma ban taɓa zama a aji ba. Ubana ba shi da iƙama, wato takardar izinin zama a ƙasar, makaranta kuwa ba ta karɓar yaro sai da takarda. Shi ya sa, bayan an rushe unguwar mun koma Waziriyya, da wata 'yar umara daga ƙauyen kakana a ƙasar Damagaram ta ba ni labarin wata marainiya mai ƙwaƙwalwa, wadda ba ta da ko alƙalami ga jarrabawar shiga babbar makaranta ta matso, ban yi shawara da kowa ba. Na ce karatunta yana wuyana.

Da ƙafata na je kasuwa. Jaka ruwan hoda mai hoton kyanwa, littattafan rubutu masu kauri, alƙaluma, takalmi. Ban iya karatu ba, amma na iya zaɓen kaya. Kowane littafi sai da na ja ɗinkinsa na gwada. Na haɗa da dabino da 'yan tasbahohi, duk a ƙunshi ɗaya, na ba baƙuwar ta tafi da su.

Sai godiya ta fara zuwa ta wayar 'yata. Maza da mata, mutanen da ban taɓa jin muryarsu ba, kowa yana sa mini albarka. Na ji daɗi. Amma ni ba a yi mini yawan godiya in kasa tambayar dalili. Wata Juma'a bayan la'asar na ce wa 'yata, yalla, kira mini su in gan su da idona.

Kakar yarinyar ta bayyana, jama'a sun cika bayanta. Tana gaisuwa, ni ina duban gefe-gefe. Sai ga wani dattijo mai farin gemu, jakar nan rataye a kafaɗarsa, kyanwa da komai.

"Yaya, wane ne wancan?"

"Ladanmu ne, Hajiya. Shi ya samu jakar, littattafan addu'arsa yake sawa."

"Jakar wa?"

"Ta Makka mana. Wallahi ba mu ci amanarki ba, babu gidan da aka tsallake."

Ta shiga lissafa mini da murnarta. Takalmin an ba wata mai jego. Littattafan an warware ɗinkinsu, kowane gida ya samu 'yan shafuka. Wasu sun kai wa malam ya rubuta musu laya a kai, wasu sun adana a ƙasan adaka. Na katse ta.

"Yarinyar fa?"

"Ta samu dabino da alƙalami ɗaya. Yaro ai ba ya riƙe tsarabar Makka shi kaɗai, Hajiya, baki zai kama ta."

"Jidda nake, Yaya, Jidda! Kayan nan ma daga Sin aka kawo su!"

"To ai ta ƙasa mai tsarki suka biyo."

Na ce a kira mini yarinyar. Ta zo ta durƙusa, ba ta ɗaga kai ba. Na ce ta nuna mini abin da ta rubuta a makon nan.

"Inna, malaminmu ya ce kar in dawo sai da littafi."

"Tun yaushe?"

"Wata biyu ke nan."

Innalillahi. Na so in yi wa tsohuwar nan tas, sai na tuna uwata ma haka take yi: alhaji ya ba ta ko zobe, sai ya zaga dangi. Na san al'adar sarai, ni ce na ɗora kayan makaranta a kan dabino na ba mai komawa daga umara.

Na ce halas, shi ke nan, a ba ni malamin makarantar. Tun daga ranar shi ke sayo mata komai a kasuwar Damagaram, masu araha, cikin baƙar leda, kuma na gargaɗe shi kada sunana ya fito daga bakinsa. Ko mutum ɗaya bai nemi rabo ba.

Ranar Litinin ta koma aji. Jarrabawar shekarar ba ta ci ba. Bana take maimaitawa, kuma malamin ya ce bencin baya ya sa ta, don ta fi duk 'yan ajin tsawo.