Saura Kaɗan, In Ji Yayana Tela

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Laraba, sha huɗu ga watan jiya, da hantsi, Allah Ya karɓi ran yayana tela bayan gajeriyar jinya. Ni ƙanwarka ce, Yaya, wadda ka goya, kuma yau ga ni ina rubuta ta'aziyyarka.

Duk wanda ya taɓa kai maka ɗinki ya san amsarka. Ko yadin yana nan a ninke ba ka sa masa almakashi ba, in an tambaye ka sai ka yi murmushi ka ce, "Saura kaɗan." Har sunan ya bi ka a layinku. Amma ba a iya fushi da kai, don kai ne mai yi wa marayun unguwa ɗinkin makaranta ka ce ragowar yadi ce, alhali mun san saye ka yi.

Shekarun baya, kana cikin yanka min wata riga, shanyewar ɓarin jiki ta kayar da kai a gaban kekenka. Hannun dama da ƙafa suka mutu, baki ya karkace, magana ta ɗauke. Likita ya ce mu yi haƙuri, zai yi wuya ka sake taka keke. Mun daɗe ba mu ji muryarka ba. Rannan matarka tana ba ka magani ta ce, "Yaya jikin?" Ka yi ta kokawa da harshenka, sai ga shi ka ce, "Saura kaɗan." Muka fashe da dariya muna hawaye. Duk kalmomin duniya sun gudu sun bar ka, ban da ƙaryar teloli!

Wannan karon kuwa gaskiya ka faɗa. Dangi suka ce a sayar da keken a rufe shago, ka buga sandarka a ƙasa har sai da aka bar zancen. Ni kuma na ƙi kai rigar nan wa wani tela, na bar maka ita a kan tebur kana ganinta kullum. Ba ka fasa zuwa gashi a asibiti ba ko ana ruwa. A gida ka koyi riƙe cokali da hagu, sannan allin zana yadi, sannan almakashi. Na sha tarar da kai kana fama da zura zare a allura, gumi na ɗiga, in na miƙa hannu ka harare ni. Sannu ba ta hana zuwa. Ranar da maƙwabta suka sake jin ƙarar kekenka, sai da layin ya cika da masu barka.

Rigata ka fara gamawa. Kalmasar ta ɗan karkace, na nuna maka, ka ce, "Ke dai sa abinki. Yayi ne, ba ki waye ba." Ba ni da rigar da nake ƙauna kamarta. Bayan haka ka yi shekaru kana ɗinki, kana ciyar da iyalinka da hannunka, kana zuwa duba masu irin ciwonka kana ce musu kada su yarda da kwanciya.

Rigar nan na sa na je duba ka a asibiti ana gobe za ka rasu. Ka ga rigar, ka gane ta. Na ce, "Yaya, ya ƙarfin jiki?" Ka yi murmushin nan naka ka ce, "Saura kaɗan." Na tafi gida da murna, ina tsammanin sallama kake nufi.

Ina kewarka ƙwarai, amma zuciyata a natse take, don na ga yadda ka karɓi jarrabawa ka ci ta. Allah Ya jiƙanka, Ya sa ciwon da ka sha ya zama kankarar zunubi, Ya haskaka kabarinka. Ina miƙa ta'aziyya ga matarka da ta yi jinyarka ba ƙorafi, da 'ya'yanka, da abokan sana'arka. Allah Ya ba mu haƙurin rashinka, Ya kyautata namu ƙarshen. Mu ma saura kaɗan, Yaya.